Yadda waya ke gane an sa mata iyafis, da yadda take ruɗewa

Tambayar wannan makon daga wata 'yar'uwa ce da ke aiki a Jidda. Wayarta ta yi gum: ba ta jin saƙon murya, ba ta jin bidiyo, in an kira ta ta ɗauka ba ta jin mai magana. A saman fuskar wayar kuma ga 'yar alamar iyafis zaune daram, alhali ba abin da ke soke a jikinta. Ta kai wa mai gyara, ya ce sifika ce ta mutu, sai an canza. Tana tambaya ko ta biya.

'Yar'uwa, kada ki biya tukuna. Ga dukkan alamu sifikarki lafiyarta ƙalau. Wayar ce ta sa a ranta cewa akwai iyafis a jikinta, shi ya sa take tura sauti inda babu kowa. Zan faɗi yadda za ki tabbatar, amma sai mun fara leƙa cikin ramin nan, don a can matsalar take.

Ga da yawa daga cikinmu iyafis ba kayan ƙawa ba ne. Mai kwana ɗaki ɗaya da mutum uku, ɗalibar da ke yini a laburare, mai kai kaya gida-gida a kan keke, duk ta cikinsa muke sauraron gida. Iyayenmu da yawa ba sa rubuto saƙo, murya suke turowa, kuma abin da ke cikin muryar ba na kunnen kowa ba ne: zancen aure, jinyar wani, bashi, kuɗin da ake jira a turo. Kada wani ya ce ai ba mai jin Hausa a nan. Ko a jirgin ƙasan Landan kana iya zama kafaɗa da kafaɗa da Bakano ba ka sani ba. Iyafis shi ne labulenmu, wayar ce kuma ke yanke hukuncin ko labulen a sake yake ko a ɗage.

Bakin ƙarfen nan da muke sokawa ya girmi kakanninmu. Asalinsa ofisoshin tarho ne na ƙarshen ƙarni na 19, inda ma'aikata ke soka igiya a rami su haɗa mai kira da wanda ake nema. Kaurin wancan milimita 6.35 ne, har yau shi ne a jikin manyan na'urorin ƙara sauti. Ƙaninsa mai milimita 3.5 ya cika duniya ne bayan kamfanin Sony ya fito da Walkman a 1979. A tsofaffin rediyo da kaset ba wani tunani a lamarin. Akwai wani ɗan ƙarfe mai tsalle a cikin ramin, ta kansa sauti ke bi ya isa sifika. In ka soka iyafis, bakinsa ya ture ƙarfen, hanya ta yanke, sifika ta yi shiru. Hannunka ne ya yanke layin, ba wanda aka yi shawara da shi.

Wayar zamani ba haka take ba. An ja wani siririn layi daga ramin zuwa ƙwaƙwalwarta, an ɗora masa ɗan lantarki da bai kai bolt 2 ba a yawancin wayoyi. In ramin ba kowa, lantarkin yana nan yadda yake. Da bakin iyafis ya shiga ya taɓa inda aka tanada, sai lantarkin ya faɗi (a wasu wayoyin tashi yake yi, amma dabarar ɗaya ce). Wayar ba ta yarda nan take. Takan ɗan jira, ƙasa da daƙiƙa ɗaya, don lokacin sokawa ƙarfe kan taɓa ya saki sau da yawa kafin ya zauna. In ta ga canjin ya tsaya, sai manhaja ta ɗauke sauti daga sifika ta mayar da shi rami.

To a nan gizo ke saƙa. Wayar ba ta ganin iyafis, lamba ɗaya kawai take karantawa. Duk abin da zai iya sauya lambar nan, a wurinta iyafis ne. Zufa tana da gishiri, ruwan gishiri kuma yana ɗaukar lantarki. A gari mai zafi da laima irin Jidda, ga waya a hannun mai aikin ruwa da sabulu, ɗigo ɗaya ya isa. Mu da ke Ingila namu makashin daban ne: burbushin auduga da ke taruwa a aljihun rigar sanyi, ya dunƙule a ƙasan ramin, ruwan sama ya jiƙa shi. Wanda ya je gida hutu da hunturu kuma ya dawo da ƙura. Wani lokaci ɗan ƙarfen ne da kansa ya gaji, ya lanƙwashe, ya ƙi komawa mazauninsa.

Ga gwajin, ba ya cin ko sisi. Ki sa ƙararrawar tashi daga barci ta buga nan da minti ɗaya. Yawancin wayoyi suna fitar da ita ta sifika ko da iyafis a jiki, don kada mutum ya makara. Ko ki kira wani, ki danna alamar sifika, abin da muke ce wa hansfiri. In kin ji ƙara, sifika na raye, maganar canza ta ta ƙare. Daga nan ki kashe wayar, ki haska ramin da tocila. In akwai tarkace, tsinken sakace na itace busasshe ya isa, a hankali. Ban da allura, ban da fil ɗin ɗankwali, don ƙarfe yana kankare abin da bai kamata ba. Sannan ki soka iyafis ki zare sau biyar ko shida, sau da yawa wannan kaɗai kan farkar da ƙarfen da ya maƙale. In kina zargin ruwa ne, ki bar ta a kashe inda iska ke kaɗawa ta kwana. Shinkafa kuwa a bar ta a tukunya. Kamfanin Apple da kansa ya gargaɗi masu iPhone kada su binne waya a cikinta, don ƙananan burbushinta kan shige ramuka. In duk an yi bai yi ba, ramin ne za a canza. A wayoyi da dama yana kan ɗan ƙaramin allo na daban, ki tambayi kuɗin wannan aikin shi kaɗai.

Akasin wannan matsalar shi ya fi ba ni tsoro, wato iyafis na jiki amma wayar ba ta sani ba. A ramuka da yawa wurin da ke sanar da wayar yana can ƙurya, sai baki ya shige duka yake taɓa shi. Rigar waya mai kauri takan tare bakin saura ƙiris. Kai kana ganin ya shiga, ka danna saƙon Hajiya, sai dukan bas su ji. Wanda ya canza riga ya fara gwadawa da abin da ba sirri ba. Haka in igiya ta fizge ana tsaka da sauraro: Android yakan aika wa manhajoji sanarwa cewa sauti na shirin komawa sifika, amma manhajar ce ke da alhakin tsayawa, kuma ba kowacce aka rubuta da wannan ladabin ba. Ga mai sauraron saƙon WhatsApp akwai hanyar da ba ta bukatar komai: ka danna saƙon ka kara wayar a kunne kamar mai amsa kira, sautin zai koma ƙaramar sifikar sama.

Bayan wayar ta yarda an soka wani abu, tana da tambaya ta biyu: mene ne shi? Ku duba bakin iyafis ɗinku. Mai zobe biyu na roba kashi uku ne: kunnen hagu, kunnen dama, da layin da lantarki ke komawa. Mai zobe uku yana da kashi na huɗu, na makirfo. Wayar takan tura lantarki wajen bolt 2 ta layin makirfo ta ga abin da zai faru. In ya zube gaba ɗaya, ta san babu makirfo, sai ta ci gaba da amfani da nata. In ya sami turjiya mai yawa, om 1,000 ko fiye, ta san akwai.

Wannan ɓangaren shi ya fi burge ni tun da na fara haɗuwa da shi a ɗakin gwaji, saboda arharsa. Madannan nan uku na jikin igiya ba su da layinsu na kansu, layin makirfo suke ara. A ƙa'idar da Google ya shimfiɗa wa Android, madannin tsakiya yana haɗe layin kai tsaye, na ƙara murya yana sa turjiyar om 240, na ragewa om 470, akwai kuma om 135 na kiran mataimakin murya. Wayar tana auna lambar ne kawai ta fassara. Saboda haka in igiya ta fara karyewa daga ciki, ko zufa ta shiga madanni, lambar takan yi ta yawo, sai ka ga waƙa tana tsayawa da kanta, ko mataimakin Google ya faɗo maka tsakiyar karatu. Ba aljanu ba ne, ba kuma kutse aka yi maka ba, igiyar ce ta tsufa. Apple kuma nasa tsarin daban ne wajen ƙara murya da ragewa, shi ya sa iyafis ɗinsa a wayar Android galibi madannin tsakiya kaɗai ke aiki.

Akwai kuma tsohuwar rigimar jeri. Tsofaffin Nokia da Sony Ericsson sun bi tsarin OMTP, iPhone da yawancin wayoyin yau suna bin CTIA. Bambancin kawai shi ne an musanya mazaunin makirfo da na layin komawa. In aka haɗa waya da iyafis masu saɓanin jeri, sauti kan fito siriri kamar daga ƙarƙashin ruwa, muryar mai magana ta ɓace, amma da ka danne madannin tsakiya sai komai ya dawo daidai. Wanda ya ga haka kada ya zargi wayarsa. Wasu na'urorin suna da ɗan guntun da ke gano jerin ya juya layukan da kansa, kamar TS3A227E na kamfanin Texas Instruments, amma ba kowane kamfani ke kashe wannan kuɗin ba. Rediyon FM na waya ma da wannan layin sanarwar yake dogara, don igiyar iyafis ita ce eriyarsa, shi ya sa yake ƙin buɗewa sai an soka.

Na san wasu za su ce ai wayarsu ba ta da ramin ma. Apple ya cire shi a iPhone 7 a 2016, Samsung ya bi sahu a Galaxy Note 10 a 2019, ko da yake wayoyi masu sauƙin kuɗi, irin Tecno da itel da muke aikawa gida, da yawansu suna nan da shi. Cire ramin bai kawar da tambayar ba, ya mayar da ita ramin caji ne. A USB-C ma turjiya wayar ke aunawa a kan wasu layuka biyu don ta san abin da aka soka. Ɗan mahaɗin da ake sayarwa kuma iri biyu ne: akwai wanda igiya ce zalla, akwai mai guntun da ke sarrafa sauti a cikinsa. Wayoyin Pixel da manyan Samsung na baya-bayan nan mai guntun suke karɓa. Wanda ya sayi na arha ya ga wayar ta ce ba ta san shi ba, ga dalilin. A tambaya kafin a biya.

Na Bluetooth kuwa tambaya biyu ce a kansu: an haɗu da wayar, sannan yana cikin kunne? AirPods na farko da wani ɗan ido mai hasken da ba a gani suke amsa ta biyun, idon kuma bai san bambancin kunne da aljihu ba, abu ne kawai ya tare shi. Sai a ƙarni na uku, a 2021, Apple ya sa na'urar da ke gane fata. Masu arha da yawa ba su da ko ɗaya. Suna iya zama a jaka a kunne, wayar na ta zuba musu sauti, mai ita na cewa sifika ta mutu. Saboda haka duk wanda wayarsa ta yi shiru, kafin ya nemi tsinken sakace, ya fara kashe Bluetooth ya gani. Ni dai har yanzu mai igiya nake ɗauka in zan saurari saƙon gida a cikin mutane, don shi ina iya dubawa da idona in ga ko ya shige duka.