Ƙaramar mota, cikakken awo

Hausawa na cewa wanda ya raina gajere bai taka kunama ba. A buro na wasu manyan ma'aikata, ko bisa kanta a wasu kantunan Yamai, akan ga wata ƴar mota da ba ta wuce tafin hannu ba, an killace ta cikin akwatin gilashi don kada ƙura ta taɓa ta. Wanda bai sani ba sai ya zaci abin wasan yara ne aka manta. Alhali kuwa a Faransa da Ingila da Japan akwai magidanta masu furfura, daga likita har ɗan kasuwa, waɗanda ke kwashe watanni suna haɗa irin wannan mota guda ɗaya tak. Faransawa na kiran ta maket. Abin da ya raba ta da abin wasa kuwa kalma ɗaya ce, ita ce awo.

Kowace maket tana da ma'auninta, kuma a jikin kwalinta ake rubuta shi: 1/43, ko 1/24, ko 1/12. Idan aka ce 1/43, ana nufin an raba kowane tsawo na motar gaskiya gida 43, aka ɗauki ɗaya. A ɗauki misalin Peugeot 504, wadda babu direban da bai san ta ba tsakanin Maraɗi da Damagaram. Tsawonta mita 4 ne da santimita 49. A ma'aunin 1/43 za ta dawo santimita 10 da ƴan kai, a 1/24 kuma ta kusa santimita 19. Wannan rabo bai tsaya ga tsawo kaɗai ba: faɗin ƙofa, da kaurin taya, da tazarar da ke tsakanin fitilu biyu, duk da lamba ɗaya ake raba su. In aka yi wa sashe guda rangwame, to ido zai gane ko da mai idon bai iya faɗin inda kuskuren yake ba, kamar yadda tsohon ɗan kasuwa ke jin tiya ta yi ƙwauro tun bai sa ta a sikeli ba.

Lambar nan 43 daga jirgin ƙasa ta samo asali. A birnin Libaful na Ingila, Frank Hornby, mai kamfanin Meccano, yana ƙera ƙananan jiragen ƙasa a wani ma'auni da ke ba milimita 7 matsayin ƙafa ɗaya ta awon Ingilishi, abin da ya kama kashi ɗaya cikin 43 da rabi. Da aka bukaci motocin da za a jera a gefen tashar jirgin, sai aka yi su daidai da girmansa, kuma a shekarar 1934 aka raɗa musu suna Dinky Toys. Ba a daɗe ba motocin suka fi jirgin kasuwa. Faransa ma ba a bar ta a baya ba. Sunan Solido ya bayyana a 1932. A 1946 ƴan'uwa uku ƴan gidan Véron suka kafa kamfani kusa da birnin Liyon, suka juya sunan gidansu daga baya zuwa gaba ya zama Norev, sannan ɗayansu, Émile Véron, ya ware ya kafa Majorette a 1961.

Yawancin waɗannan motoci zubi ne na wani ƙarfe da ake kira zamak, wanda tutiya ce mafi yawa a cikinsa, da ɗan sanholo da jan ƙarfe da maganiziyam. A nan akwai darasi ga duk mai saye da sayarwa. Wasu daga cikin motocin da aka zuba kafin yaƙin duniya na biyu, an yi su da tutiyar da dalma ta gurɓata. A ranar sayarwa ba wanda ya ga aibinsu. Bayan shekaru sai ƙarfen ya kumbura, ya tsattsage, ya marmashe a hannun mai shi, kuma babu gyaran da ke tsayar da cutar in ta kama. Algus ko ya kwana shekara 30, wata rana sai ya tona asirin kansa.

Motar zubi a shirye take zuwa, saye da ajiya ne kawai aikin mai ita. Sha'awar da ta fi cin rai ita ce ta motar da ke zuwa gunduwa-gunduwa cikin kwali, mutum ya haɗa da hannunsa. Wannan ta bunƙasa ne bayan yaƙi, lokacin da aka iya zuba wata roba mai tauri da ake kira polistiren cikin mazubin ƙarfe. A Amurka, kamfanin AMT, wanda aka kafa a 1948, ya fara ne da yi wa dillalan motoci ƙananan samfura na talla, shi kuwa Revell ya fitar da jerin tsofaffin motoci na haɗawa a 1951. A Faransa aka kafa Heller a 1957. A birnin Shizuwoka na Japan kuma, gidan Tamiya, wanda ya fara da sana'ar katako a 1946, ya koma ga roba, har sunansa ya zama abin misali wajen tsantseni. Domin ya fitar da maket ɗin Porsche 934 a ma'aunin 1/12 a shekarar 1976, sai da gidan ya sayi Porsche 911 ta gaskiya, aka kwance ta ƙusa-ƙusa, aka auna abin da hoto ba ya nunawa. Gani ya kori ji, awo kuma ya kori gani.

Wanda ya buɗe irin wannan kwali zai tarar da sassa da dama, wani lokaci fiye da 100, maƙale a jikin wasu sanduna na roba kamar ƴaƴa a reshe. Aikin farko shi ne yanke kowane sashe da ƴar wuƙa mai kaifi, a goge tabon yankan da magagari da takardar gurza mai laushi, a kuma kankare siririn layin da bakin mazubi ya bari. Gam ɗin da ake amfani da shi ba irin na takarda ba ne: narkar da fuskar robar yake yi, sassan biyu su zama ɗaya, kamar walda. Saboda haka ɗigo guda da ya kuskure ya faɗa kan gilashin gaba ya ɓata shi ke nan har abada. Daga nan sai a cike ƴan ramuka, a sake gogewa, a fesa fentin share fage mai ruwan toka wanda ke tona duk wani aibi da ya ɓuya, kana a zo ga launi. Shi ma ba a lafta shi a tashi ɗaya. Feshi ake yi sama-sama da ƴar bindigar iska, sau uku ko huɗu, ana jiran kowanne ya bushe. Lambobi da rubuce-rubucen jikin mota kuwa a kan wata takarda suke zuwa, a tsoma ta a ruwa, su saki, a zame su da matsefata zuwa mazauninsu, a rufe da man ƙyalli. Mai gaggawa ba ya gama maket, sai dai ya gama da ita.

Gwanaye ba su tsayawa ga abin da ke cikin kwali. Sukan buɗe murfin inji su ƙara abin da kamfani ya bari: wayoyin buji, da bututun mai, da igiyar ɗaure ƙirji a kujera, da ƴan ƙananan sassa na tagulla masu kaurin takarda. A nan ma lissafi ne ke mulki. Wayar buji mai kaurin milimita 7 a motar gaskiya, a ma'aunin 1/24 ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na milimita ba. In aka sa wadda ta kai milimita guda, to an ɗaura wa inji igiyar guga. Haka fenti: kaurin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba a jikin maket, daidai yake da fiye da milimita 2 a jikin mota, abin da zai cike layin ƙofa ya shafe rubutun suna.

Akwai kuma mataki na ƙarshe, wanda ya fi kowanne wuya, wato tsufar da mota. Motar da ta yi aiki ba ta ƙyalli kamar amarya. Mai maket yakan nemi hotunan wata mota takamaimai, a wata rana takamaimai, ya duba inda ƙura ta kwanta, da inda mai ya tsiyaya, da inda tsatsa ta fara ci, ya maido su da garin alli mai launi da fenti tsarma-tsarma. Misalin da ya shafi ƙasar nan shi ne Peugeot 405 T16 wadda Ari Vatanen, ɗan ƙasar Finlan, ya ci tseren Pari-Dakar da ita a 1989 da 1990, shekarun da tseren ke ratsa Nijar. Tamiya ya fitar da maket ɗinta a ma'aunin 1/24. Tun 2009 tseren ya bar Afirka, ya koma Amurka ta Kudu, daga 2020 kuma Saudiyya, amma har yanzu wanda ke son motar ta yi kama da yadda ta isa Dakar, dole ya zauna ya haɗa launin rairayin Sahara a cikin ɗan murfin kwalba. Ƙurar da direban Agadas ke wankewa kowace safiya, wani yana can yana neman yadda zai ɗora ta daidai.

To ina ruwan ɗan kasuwar Maraɗi ko ma'aikacin Tawa da wannan? Ruwansa shi ne motocin da suka ɗauki dukiyar ƙasar nan suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Peugeot 404 ta fito a 1960, kuma a-kori-kurarta mai rufin tamfol ta yi jigilar gero da mutane zuwa kasuwannin ƙauye shekara da shekaru. 504 ta fito a 1968, aka riƙa haɗa ta a Kaduna tun daga 1975, har aka daina a tsakiyar shekarun 2000. Manyan motocin Berliet, waɗanda tara daga cikinsu suka keta Tenere a tafiyar bincike ta 1959 zuwa 1960, sunansu ma ya ɓace daga kasuwa bayan da Renault ya haɗe kamfanin da Saviem a 1978. Wadda ta mutu a cikinsu takan ƙare a hannun masu sayen tsohon ƙarfe a kilo, ko a zama murhu da kwano a kasuwar Katako. Kamfanonin Turai sun adana surar waɗannan motoci kamar yadda suka fito daga masana'anta. Amma surar da suka ɗauka a nan, da bodin katako, da kirarin da aka rubuta a goshi, da salkar ruwa a rataye, da kaya jibge har sun ninka tsayin motar, wannan sai wanda ya gan su da idonsa zai iya maido ta yadda take.

Hannun da zai yi wannan aiki kuwa ba daga waje za a yi odarsa ba. A unguwannin Damagaram da Ƙonni da Tasawa, yara na lanƙwasa waya su fitar da mota, su yanka tsohon takalmin roba su yi taya, su buɗe gwangwanin madara su yi ƙofa, su sa doguwar sanda mai sitiyari wadda ke juya ƙafafun gaba da gaske. Na ƙauye da karan dawa suke yin tasu. Yaron da ya yi haka ya riga ya gane yadda sitiyari ke aiki ba tare da malami ba, kuma yana da idon da ke raba Toyota da Peugeot daga nesa. Abin da yakan samu a gida shi ne tsawa, wai ya tara shara, ya ɓata lokacin karatu. Alhali tsakanin motarsa da maket ɗin da ke cikin akwatin gilashi, babban abin da ya rage shi ne awo, awo kuwa shi ne darasin rabawa da ake fama da shi a lakkol yana gudu.

Gyaran bai bukatar kuɗi masu yawa. Tef ɗin tela ya isa, da fensir, da takarda, da izinin wani mai gareji. A sa yaro ya auna motar gaskiya da kansa, ya rubuta, ya raba da 20, domin ita ce lamba mai sauƙi. 504 za ta ba shi tsawon santimita 22 da rabi, tazarar ƙafar gaba da ta baya kuma, wadda take mita 2 da santimita 74, ta dawo santimita 13 da milimita 7. Ya zana a takarda kafin ya taɓa waya. In an kai ga fenti, a yi shi a wuri mai iska saboda warinsa na cutarwa, a kuma kife kwali a kai har ya bushe, musamman da hunturu. Ɗan kasuwar da ke zuwa Kano ko Kwatano, in ya ci karo da maket ta haɗawa guda ɗaya, tsaraba ce da za ta koyar da abin da ba a gani a allo. Malamin lakkol kuma zai iya mai da ita darasin lissafi na mako guda.

Gidan adana kayan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda aka kafa a 1959, ya daɗe da ba maƙera da dukawa da masaƙa rumfuna a harabarsa. Jerin motocin da suka yi wa ƙasar nan bauta, kowace a ma'auni ɗaya, da kayanta da ƙurarta, aikin hannun ƴan ƙasa, zai dace da irin wannan wuri. Sai dai awon yana bukatar motar da za a auna, kuma kowace shekara raguwa suke yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mota kuma tun tana kan ƙafafunta ake sa mata tef.