Kafin mu nemi mai laifi, mu duba sunan wa ke kan takarda

Ƴan uwa, akwai wani littafi da ya raba kan masu karatu a Amurka tun fitowarshi a Janairun 2026: Strangers, na Belle Burden. Lauya ce, ta yi jami'ar Harvard, ɗiyar gidan masu arziki tun kaka da kakanni. Ta fara ba da labarin a jaridar New York Times a 2023, sannan ta maida shi littafi.

A faɗarta, a watan Maris na 2020, farkon kullen korona, suna gidansu na tsibirin Martha's Vineyard, wani mutum ya bar mata saƙo a waya cewa mijinta yana neman matarshi. Ba a jima ba mijin ya fita daga auren shekara 20 da ƴaƴa 3, ya ce kuma ba ya son riƙon yaran.

Sai gardama ta ɓarke. Wasu na cewa mijin azzalumi ne, ba wani zance. Wasu na cewa kukan daɗi take, magajiyar dukiya ba ta san wuya ba. Wasu kuma na tambaya: yaya za ki zauna da mutum shekara 20 ki ce ba ki san halinshi ba?

Ni dai a ganina wannan shari'a ba tamu ba ce. Bakin mutum ɗaya muka ji, kuma mai alƙalami shi ke zaɓen abin da zai faɗa. Alƙalin kirki ba ya yanke hukunci da jin ɓangare guda. Abin da ya kamata ya tsaida mu yana wani wuri: maganar takardu.

Ita da kanta ta ce kafin aure sun sa hannu a yarjejeniyar dukiya, wadda ta ce abin da kowa ya samu da sunanshi nashi ne, sai wanda aka rubuta da sunan su biyu za a raba. Lauyanta ya gargaɗe ta, ba ta ji ba. Ta kwashe gadonta ta sayi gidajensu biyu, ta sa sunan miji tare da nata. Ta rage aiki ta riƙe yara, shi kuwa ya tara tashi dukiya da sunanshi kaɗai. Ranar rabuwa sai lissafi ya nuna yana da haƙƙin rabin gidajen, ita ba ta da komi cikin abin da ya tara. Sun sasanta daga baya, amma ta sha fargaba.

To, in lauya mai gado ta faɗa wannan rami, ina ga matar Maradi ko Damagaram da ta saida awakinta, ta zuba kuɗin adashi aka gina ɗaki a filin da sunan maigida kaɗai ke kan takardarshi? Belle tana da lauyoyi da mai buga mata littafi. Tamu, ranar saki, kwanoninta da katifa kawai za a ɗora mata a amalanke. Har yau Nijar ba ta da kundin dokar iyali, kuma wadda ba ta da shaida ba ta da abin nunawa gaban alƙali.

Wani zai ce rubutu tsakanin miji da mata rashin yarda ne. A'a. Musulunci ya bar wa mace dukiyarta ko bayan aure, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, Baƙara 282, kan rubuta bashi ta sauka.

Don haka, ƴar uwa, in kin sa kuɗi a gini ko jari, a rubuta, a sa shaidu, ki riƙe kwafinki. Ɗan uwa, in kana da niyyar adalci, takarda ba za ta rage ka da komi ba. Ku ma iyaye, ku koya wa ɗiyanku wannan tun kafin a kai su ɗaki.