Mick Schumacher: suna ya buɗe ƙofa, agogo ya yanke hukunci

A shekarar 2008 wani yaro ɗan shekara tara ya fara shiga gasar ƙananan motocin tsere a Turai da sunan Mick Betsch. Betsch sunan gidan su mahaifiyarsa ne. An sakaya sunansa na ainihi ne don kada 'yan jarida su yi masa caa, domin mahaifinsa shi ne Michael Schumacher, Bajamushen da ya ɗauki kambun duniya na Formula 1 har sau bakwai.

Tun da ƙungiyar Haas ta sallami Mick a ƙarshen kakar 2022, masu bibiyar tseren suka rabu gida biyu: masu cewa da ma alfarmar suna ce ta kai shi, da masu cewa an zalunce shi. Kowane ɓangare ya kama reshe ya bar tushe.

Masu maganar alfarma sun manta cewa ya lashe gasar Formula 3 ta Turai a 2018, ya kuma lashe Formula 2 a 2020, kuma agogon da ke auna gudu bai san ɗan wane ba. Ya yi wannan ne ba tare da uba a gefensa ba. A watan Disamba na 2013, yana ɗan shekara 14, suna tare a tsaunukan Méribel na Faransa lokacin da mahaifin ya faɗi a wasan zamiya kan ƙanƙara ya ji mummunan rauni a ka, kuma tun daga ranar ba a sake ganinsa a bainar jama'a ba. Max Verstappen ya samu Jos yana horar da shi, Nico Rosberg ya samu Keke. Mick ya gaji nauyin sunan, amma shawarar mai sunan ta kuɓuce masa a daidai shekarun da ya fi buƙatarta.

Sai dai masu kukan zalunci ma ba su da hujja mai ƙarfi. A 2021 motar Haas ce koma baya a fili, bai samu maki ko ɗaya ba, ba wanda ya ga laifinsa. A 2022 mota ta gyaru, aka fara lissafi na gaskiya. Ya yi mummunan haɗari a Jidda har bai shiga tseren ba, ya sake yin wani a Monako inda motar ta rabu biyu. A shekarar an ƙayyade wa kowace ƙungiya abin da za ta kashe a kan kusan dala miliyan 140, don haka duk motar da aka farfasa, daga kuɗin inganta ta ake cirewa. Ya zo na takwas a Silverstone, na shida a Ostiriya, ya kammala da maki 12, abokin aikinsa Kevin Magnussen kuwa da 25 a irin motar. Magnussen ɗin ma, kada a manta, ɗan tsohon direban Formula 1 ne. Ƙaramar ƙungiya ta zaɓi ƙwararre, Nico Hülkenberg, kuma tana da gaskiyarta, ko da yake yawan caccakar yaron a gaban 'yan jarida da shugabanta Guenther Steiner ya yi bai ƙara wa kowa gudu ba.

Rashin adalcin yana can baya, a bakin ƙofa. Kujeru ashirin ne kacal a gasar a lokacin, kuma hawa daga ƙananan motoci zuwa Formula 2 yana cin miliyoyin yuro. Ɗan gidan tsere yana da masu ɗaukar nauyi da masu amsa wayarsa tun kafin ya ci kofi. Damon Hill, Jacques Villeneuve, Rosberg da Verstappen duk sun cancanci kambunsu, amma cikin 'yan ƙalilan da aka bari su gwada aka tace su. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata ya san cewa jarrabawa mai tsafta ba ta wanke jerin sunayen da aka tsara ta bayan gida. Lewis Hamilton, wanda mahaifinsa ya haɗa ayyuka da dama don biyan kuɗin tserensa, ana yawan ambatonsa ne saboda irinsa ba su da yawa. Hukumar FIA da ta iya ƙayyade kuɗin manyan ƙungiyoyi tun 2021, ya kamata ta karkata ga rage tsadar matakan farko.

Shi kuwa Mick, bayan zaman jiran ko-ta-kwana a Mercedes, ya koma tseren dogon zango da Alpine a 2024, inda shi da abokan tuƙinsa suka zo na uku a Fuji ta ƙasar Japan.