Gwanayen Tekken da Waɗanda Ba a Ƙirga Ba

Mai karatu, yau za mu ɗan huta da zancen tsadar rayuwa, mu taɓa wani abu da dattawa da yawa ke kira shiririta, wato wasannin faɗa na kwamfuta irin su Tekken da Street Fighter da Mortal Kombat. Maganata a kan jerin sunayen nan ne da ake fitarwa a intanet, ana cewa ga na ɗaya a duniya, ga na biyu, har zuwa na ɗari. A ganina wannan jeri yana auna gwaninta, amma kafin nan sai ya auna wa ke da biza, wa ke da kuɗin jirgi, kuma wa ke zaune a garin da ba a ɗauke wuta.

Hanya biyu ake bi wajen jera 'yan wasan. Ta farko ita ce tara maki a gasa: kamfanin da ya yi wasan zai tsara gasanni a birane daban-daban, wanda ya yi nisa a kowace ya kwashi maki, a ƙarshen shekara a tara na sama su kara. Haka Tekken World Tour take. Ta biyu kuwa a intanet ake yinta, da irin lissafin da Arpad Elo ya ƙirƙiro wa 'yan wasan dara na chess, wanda hukumarsu ta duniya ta karɓa a 1970: ka doke wanda ya fi ka maki ka samu da yawa, na ƙasa da kai ya doke ka ka yi asara mai yawa. Street Fighter 6 na amfani da irinsa ga waɗanda suka kai matakin sama. Kuma harkar akwai kuɗi, domin a 2024 wani ɗan Taiwan da ake kira UMA ya ci dala miliyan 1 a gasar Capcom Cup.

To ina matsalar take? Shekara da shekaru an yarda cewa Tekken ta 'yan Koriya ta Kudu ce da Japan, kuma Knee ɗan Koriya shi ne sarki. Sai ga wani matashi daga Lahore ta ƙasar Pakistan, Arslan Ash, ya doke shi a Dubai a 2018. A watan Fabrairun 2019 ya sha wahalar biza da canjin jirage kafin ya isa Fukuoka, ya kuma cinye gasar EVO Japan. A watan Agusta ya je Las Vegas ta Amurka ya sake kayar da Knee a wasan ƙarshe na EVO. Da aka tambaye shi, sai ya nuna cewa akwai irinsa da yawa a gida, aka ɗauka cika baki ne. Ba a jima ba Knee da kansa ya tafi Pakistan don ya gwabza da su. Atif Butt ya ci kofin Tekken World Tour na 2022, sannan a 2023 'yan Pakistan suka doke Koriya a gasar ƙasashe a Riyadh. Ka ga duk tsawon lokacin nan mutanen suna nan a ƙananan shagunan gem na Lahore suna dukan juna, jerin ne bai san da zamansu ba.

Wani zai ce ai intanet ta raba gardama, tunda kowa na iya shiga daga ɗakinsa. Ba haka abin yake ba. Wasannin nan hoto 60 suke nunawa a daƙiƙa ɗaya, kuma naushi mafi sauri a Tekken hoto 10 yake ɗauka. Idan daga nan Kaduna kake karawa da mutumin Ingila, saƙonka ya je ya dawo zai iya cin kwatankwacin hoto 6 ko fiye, in ma layin ya yi kyau ke nan. Akwai dabarar da masu yin wasannin suka kawo, inda na'ura ke hasashen abin da abokin karawa zai danna ta gyara daga baya, ta kuma rage matsalar, amma ba ta maganin layin da ke rawa, balle janaretan da mai ya ƙare masa ana tsakiyar wasa. Kuma idan ka fita a tsakiya, kai ake ɗauka ka gudu.

Tun da na dawo daga Ingila na zauna a Mararaban Rido, kan leƙa shagunan gem da ke bayan titin Kachia. Ƙwallo ce ta fi kasuwa, amma akwai masu Mortal Kombat, kuma dokarsu ɗaya ce: wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya miƙa pad. Yaran unguwa, Musulmi da Kirista, kowa ya san wanda ba a iya tayarwa daga kan benci. Ba na cewa akwai wani Arslan a cikinsu. Ina cewa ne babu hanyar da za a bi a gane ko akwai, domin gwanin wannan shago bai taɓa haɗuwa da na Sabon Tasha ba, balle na Zonkwa ko Kafanchan.

Abin mamaki shi ne mu ba baƙi ba ne a wannan ilimi. 'Yan dambe sun daɗe da warware shi. Akwai ɓangaren Kudu, da Arewa, da Guramaɗa. Ɗan dambe kan bar garinsu ya je gidan damben wani gari, a ɗaura zare, a yi turmi uku a gaban jama'a, in an yi kisa kowa ya gani da idonsa. Ko sunan mutum ma yana gaya maka a hannun wa ya tashi, shi ya sa ake cewa Shagon wane. Sunan Shago da Ɗan'anace ya waƙe ba daga wani tebur na maki ya fito ba. Abin da dambe ya rasa shi ne rubutu, har yau gardama ake a kan wa ya buge wa, a wace shekara.

Saboda haka shawarata ga masu shagunan nan ita ce su haɗa kai su riƙa gasa ido da ido sau ɗaya a wata, na'ura ɗaya, talabijin ɗaya, ba ruwansu da ƙarfin layi. A sami littafi a rubuta wa ya kara da wa, da yadda aka tashi, a kuma ɗauki bidiyo da waya. A hana caca tun ranar farko, don ita ce za ta sa iyaye su rufe wurin, kuma da gaskiyarsu. A 2019 Tekken World Tour ta buɗe wani rukuni mai suna Dojo, inda ƙananan gasanni na cikin gari ke iya yin rajista, makin da aka samu ya shiga babban jerin, gwargwadon yawan waɗanda suka fafata. Wannan sai an yi nisa. Na farko dai, a ga gwanin Mararaban Rido ya hau mota ya je Kafanchan, na can ma ya zo, a rubuta sakamakon da kwanan wata.