Wa Ya Kamata a Ba Haƙuri?

A watan Fabrairun 2023, lokacin da canjin kuɗi ya jefa mu cikin ƙarancin naira, mun kwana a layi ƙofar wani banki a Kazaure. Akwai mutanen Roni da Gwiwa da suka yi sammako, har da wani tsoho daga Babura. Hantsi ya dubi ludayi sai ga wani da babbar riga ya ratsa mu ya tsaya gaba, ko sallama babu. Tsohon ya ce, "Alhaji, layi ake yi." Nan take mutum biyar suka taso masa: "Baba, yi haƙuri." Jama'a, wa ya yi laifi, wa aka ba haƙuri?

Sarkin Rum Markus Aureliyus, wanda ya rasu a shekarar 180, yakan tuna wa kansa kowace safiya cewa zai gamu da marasa ta-ido, kuma jahiltar alheri da sharri ne ke sa su haka. To, shi sarki ne, ba wanda ya taɓa tsallake shi a layi. Alhajinmu ba jahili ba ne. Ya san layi sarai, a filin jirgin Jidda bin sa yake yi. Lissafi ya yi: ya auna kunyarmu, ya ga ta fi fushinmu nauyi, ya hau kanta. Ransa ya riga ya ba shi cewa lokacinsa ya fi namu tsada.

A 1974 aka buga nazarin Anthony Kirk-Greene kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, inda ya lissafa halaye goma. Haƙuri na ciki, amma adalci da mutunci ma suna ciki. Mu ne muka tsinci ɗaya muka zubar da tara, saboda shi ne mai araha, musamman idan wani za a ɗora wa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, bai ce a kashe fushi ba. Cewa ya yi a sa masa linzamin hankali, kuma rashinsa gaba ɗaya ma aibi ne.

Ba zagi muke kira a yi ba, ba kuma dambe ba, don mai wannan hali ya fi kowa iya hayaniya. Abin da ba ya iya ɗauka shi ne mutum goma su ce masa cikin sanyin murya, "Koma baya," mai gadi kuma ya ƙi buɗe masa ƙofa.

Mu malaman makaranta abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya. Ɗalibanmu uku na cikin layin nan, sun ga wanda aka fara sallama. Ranar Litinin muka shiga aji muka koyar da ladabi, suna kallonmu.