Gwajin Da Ba A Rubuta Ba, Wa Zai Amfana Da Shi?



Ba baƙon abu ba ne a ga masu bincike sun sauka a ƙauye da takarda da awo. Su tambaye mu dami nawa muka samu, su auna gona, su ɗebi ƙasa a leda, su tafi. Rahoton kuwa da Turanci ake rubuta shi, ya kwanta a ofis, mai gonar ba ya sake jin labari. Mu a ganinmu wannan bai dace ba. Duk wanda ya nemi ƙungiya ta ba shi fili ko lokaci, a yi sharaɗi da shi tun farko: zai dawo da sakamakon da Hausa, a karanta a gaban membobi, a bar wa magatakarda kofe ɗaya.

Amma kada mu raina rubutun nan. A 1966 da 1967 wani malami na Samaru, David Norman, da abokan aikinsa sun bi manoman ƙauyuka uku na ƙasar Zariya, wato Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna rubuta aikin da aka yi a gona da abin da aka girba. A lokacin malaman gona suna cewa a shuka iri ɗaya a gona ɗaya. Lissafin ya nuna wanda ya haɗa gero da dawa da wake ya fi samun amfani a kowace eka, kuma ko damina ta yi gardama ba ya tashi hannu wofi. Kakanninmu sun san haka tun tuni. Sai da aka sa shi a takarda da lambobi tukuna manyan masana suka saurara.

To, in haka ne, me zai hana mu rubuta namu? Kowace shekara akwai ƙungiyar da ke gwada sabon iri ko sabon taki a gonar ikilisiya. Kaka ta yi, wannan ya ce ya yi kyau, wancan ya ce bai kai namu na da ba, a watse. Shekara uku gaba magatakarda ya ƙaura zuwa Kano, sai a sake sayen irin nan a sake gwadawa da kuɗin baiko da gumin mutane.

Rahoton ba ya bukatar babban Turanci. Littafin makaranta ɗaya ya isa. A rubuta abin da aka so a sani, da sunan irin da inda aka samo shi. A rubuta ranar ruwan shuka, da ranar noman fari da maimai, da buhun taki nawa aka zuba, da kuɗin ƙwadago. A taka filin a san girmansa, kuma lalle a bar wani fili kusa da shi da irinmu na gida, gama in babu abin kwatantawa, babu gwaji. Wajen awo a yi hankali: damin wani ba damin wani ba ne. A sussuke, a auna da mudu guda, shi ne na farko shi ne na ƙarshe. Kada a manta da harawa da kara. Waken da ya ba da tsaba ya hana harawa, mai tumaki zai gane asararsa a watan Maris. A kuma tambayi zumuntar mata, su da ke noma gayaunarsu suna kuma tuƙa tuwon: dawar da ta cika rumbu amma ba ta tuƙuwa, ba wanda zai sake shuka ta.

Abin da ya fi wuya shi ne rubuta gwajin da ya lalace. Akan ji kunya, musamman in wata hukuma ce ta ba da irin kyauta, ana tsoron kada ta janye hannu. Mu muna cewa a rubuta gaskiya. Tsofaffinmu suna tunawa da 1975, shekarar da kuturtar gyaɗa ta cinye gonakin Arewa, dalar gyaɗa ta Kano ba ta sake komawa yadda take ba. Irin da ke jure wa cutar, kamar Samnut 24 da aka fitar a 2011, an kai gare su ne domin wasu sun yi shekaru suna rubuta wanne ya mutu, wanne ya tsaya. In wuta-wuta ta kama fili, ko ruwa ya ɗauke kwana 20, ko awaki sun shiga, a sa duka.

Luka ma sai da ya bincika kome a hankali kafin ya rubuta wa Tiyofilus bi da bi.

Muna roƙon kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu tun kafin ruwan fari, ɗaya namiji ɗaya mace, su riƙe littafin. Bayan an gama sussuka a karanta rahoton a taron ƙungiya, a gyara inda membobi suka ce ba haka aka yi ba. Kofe ɗaya ya zauna wurin fasto, ɗaya a ba malamin gona, ɗaya a aiko mana mu buga domin ƙungiyoyin maƙwabta.