Faifan Garmaho Ko Na CD: Ina Gizo Ke Saƙar?

A shekarar 2022 faifan garmaho ya fi na CD kasuwa a Amurka, karo na farko tun 1987. Wannan ya sake tayar da tsohuwar muhawara: wanne ya fi daɗin sauti?

Idan awo za a bi, babu gardama. Faifan CD, wanda kamfanonin Philips da Sony suka fitar a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kuma tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa a cikinsa ta kai desibel 96. Garmaho kuwa da ƙyar yake kaiwa 70. Ga allura tana cin faifan duk lokacin da aka sa shi, ƙura ta cika shi da ƙaraf-ƙaraf, zafi ya lanƙwasa shi. Sai dai masu son garmaho ba shirme suke yi ba. Tun shekarun 1990 kamfanoni suka shiga gasar ƙara wa faifan CD ƙarfin amo, suna matse waƙa har ta rasa numfashi. Laifin na masu haɗa sautin ne.

Mu a nan, damuwarmu ta wuce ta daɗin kunne. Waƙoƙin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, da tsantsar Hausar zamaninsu, suna jibge a ɗakunan ajiyar gidajen rediyonmu, zafin bazara da ƙurar hunturu suna cinsu. Muna kira ga hukumomin gidajen da su kwafe su zuwa kwamfuta tun yanzu, ba tare da matse sautin ba, su kuma adana faya-fayen na asali.